Wasanni da Matsayin Jama'a a Ingila Kafin Zamanin Masana'antu

Kafin masana'antu su bunƙasa a Ingila a ƙarshen ƙarni na 18, wasan da mutum ke yi yakan nuna gidan da ya fito. Farauta ta masu ƙasa ce. Wata doka ta 1671 ta hana wanda filayensa ba sa kawo masa fam 100 a shekara kama zomo ko makwarwa, ko da a gonarsa ne, kuma wannan zalunci ne ƙarara.

Talakawa kuwa ƙwallo ce tasu. Babu fili na musamman, babu iyakar 'yan wasa. Unguwa kan kara da unguwa, ƙauye da ƙauye, ana kokawar kai ƙwallo ta cikin gonaki da rafuka da tituna, galibi ranar Talatar da ke gaban azumin Kirista. Akan ji rauni, akan yi ɓarna, shi ya sa mahukunta suka tsane ta. An hana ta a Landan a 1314, sannan a 1363 Sarki Edward na Uku ya haramta ta domin maza su koma koyon harbi da baka. Jama'a ba su daina ba.

A dambe da kurket ne manya da talakawa suka haɗu, amma ba a matsayi ɗaya ba: attajiri na zuba kuɗin caca, talaka na zuba gumi.

Killace filayen kiwo na jama'a da dokar hanyoyi ta 1835, wadda ta hana buga ƙwallo a kan tituna, su ne suka raunana ƙwallon gargajiya. Duk da haka, har yau ana buga ta duk shekara a garin Ashbourne da ke Derbyshire.