Abincin Barewa da Dabarun Maharba a Tarihin Ƙasar Kaugama

A wannan maƙala za mu yi ƙoƙarin duba wani fanni na tarihin farauta wanda manazarta ba su cika kulawa da shi ba, wato yadda maharbi kan jawo naman daji ta hanyar abincinsa. A Amurka, masu farauta kan ware fili su shuka hatsi da ganyaye domin barewar ƙasarsu ta saba da wurin kafin lokacin harbi. A ƙasar Kaugama, cikin masarautar Haɗeja, maharba ba su saba yin irin wannan shuka ba, domin kogi da manoma sun ɗauke musu aikin.

Ambaliyar kogin Haɗeja kan kai ƙarshen cikarta wajen Agusta da Satumba. Idan kaka ta yi, ruwa ya fara janyewa, sai fadamu su yi kore shar alhali ciyawar tudu ta soma bushewa. Nan barewa da gada kan gangaro. Gonakin wake kuwa, waɗanda akan bari har bayan girbin gero, su ne tarko mafi girma, domin barewa ba ta ƙetare ganyen wake. Manomi na kukan ɓarna, maharbi na murna, kuma sau da yawa mutum ɗaya ne. Can cikin rani sai a koma gindin gawo da aduwa inda 'ya'yansu ke zuba.

Abin da ya fi kusa da shuka a nan shi ne ƙunar daji. Akan cinna wa busasshiyar ciyawa wuta a wurin da ke da sauran laima, bayan 'yan kwanaki toho ya fito, maharbi ya ɗaura kan burtu ya tunkari dabba yana sunkuye. A ganinmu, wannan noma ne, ko da ba a sa fartanya ba.

Hukuma ta taƙaita farauta da dokar 1916 da kuma ta Jihar Arewa ta 1963, amma abin da ya fi karya wannan tsari shi ne sauyin ruwa. Farin 1972 zuwa 1974, da madatsar Tiga a 1974, da ta Calawa a 1992, sun rage ambaliya, gonaki kuma suka cinye dazuzzuka. Dajin Baturiya, a gabashin masarautar, ya shiga jerin dausayin duniya na Ramsar a 2008, kuma tsuntsaye ne suka fi jawo masa suna.