Bindiga Mai Suna da Marar Suna: Dokokin Gaggawa a Kan Iyakar Illela

Illela ta saba da dokar gaggawa. A watan Agusta 2019 aka rufe iyakokin Najeriya na ƙasa, a Nuwamban shekarar hukumar kwastam ta hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka, kuma sai 16 ga Disamba 2020 aka buɗe ƙofofi 4, ciki har da ta Illela. A Satumba 2021 gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta taƙaita safarar shanu a mota da sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato. Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 ya sake jawo rufe hanyar Birnin Konni har Maris 2024. Duk wanda ya san karar Illela ranar Lahadi ya san halin waɗannan dokoki: wanda ya biyo ta ƙofa suke kamawa. Mai tirela da takardunsa ya tsaya a shinge, mai babur ya bi ta gonaki da buhun shinkafarsa. Hujjar wannan maƙala ita ce hana lasisin bindiga da hukumomi suka yi da sunan gaggawa yana da irin wannan hali, kuma kiran da wasu gwamnoni ke yi na kowa ya nemi tasa bai gyara komai ba, domin ɓangarorin biyu sun kauce wa tambayar da ta fi muhimmanci, wato wa zai amsa idan bindiga ta tashi.

Dokar makamai ta 1959, wadda har yau ita ake aiki da ita, ta kasa bindigogi gida 3. Akwai haramtattu, irin bindigogin soja da masu sarrafa kansu da ƙananan bindigogin aljihu, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa. Akwai na farauta irin na zamani, lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Sai bindigar gargajiya da ake ɗurawa ta baki, wadda kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izininta. Tsarin mulkin 1999 ya sa makamai da harsasai cikin abubuwan da majalisar tarayya kaɗai ke yi wa doka, don haka gwamna ba shi da ta cewa. Sashe na 33 ya yarda mutum ya kare ransa da dukiyarsa daga mai ta'adi, amma babu inda ya ce yana da haƙƙin mallakar abin da zai kare kan nasa da shi.

Wannan rabo yana da tarihi. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani a mafi yawan nahiyar, ta bar musu na ɗuri. Bayan shekara 13, a 15 ga Maris 1903, mahaya dawakin Sarkin Musulmi Attahiru suka fuskanci bindigar Maxim a bakin Sakkwato. Dokar 1959 ta gaji wannan tunani: makami mai ƙarfi na hukuma ne, talaka ya riƙe na harbin zomo. Tsarin yana da ma'ana muddin hukuma ce kaɗai ke da makami mai ƙarfin. Tun rushewar gwamnatin Libiya a 2011 da bazuwar makamai a Sahel, wannan sharaɗi ya faɗi. Cibiyar Small Arms Survey ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi sama da miliyan 6 a hannun fararen hula a Najeriya, adadin da Janar Abdulsalami Abubakar ya maimaita a bainar jama'a a 2021.

Yana da kyau a dubi abin da doka ta bar wa manomi da idon basira. Bindigar da maƙeri ya ƙera, sai an zuba albarushi, a tusa ƙyalle, a danna da sanda, a zuba 'yan ƙarafa, a sake tusawa, kafin a samu harbi ɗaya. Idan damina ce albarushin ya yi sanyi, tana iya ƙin tashi. Wanda ya zo ɗaukar manomin kuwa yana rataye da AK-47 mai cin harsashi 30, bisa babur, su uku-uku. Kuma ko bindigar farauta ta zamani da ta ɗan fi wannan, ƙofar samunta a rufe take: a Agusta 2023 Muƙaddashin Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da ba da lasisi a faɗin ƙasa, bayan shekaru ana ta matse hanyar. Ɗan bindigar daji bai taɓa cike fom ba, don haka dakatarwar ba ta rage masa ko harsashi ɗaya ba. Umarnin Shugaba Buhari na Maris 2021 cewa a harbe duk wanda aka gani da AK-47 a daji shi ma bai hana hare-haren Nuwamban shekarar ba, lokacin da aka kashe mutum 13 a ƙaramar hukumar Illela, wasu da dama kuma a Goronyo.

Daga nan ne ɗaya ɓangaren, na masu cewa kowa ya nemi tasa, ke samun ƙarfinsa, kuma ba a raina shi. Gwamna Aminu Bello Masari ya ce wa mutanen Katsina su nemi makami su kare kansu a 2021. A Yuni 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ce za ta raba fom 500 ga kowace masarauta cikin masarautu 19 na Zamfara domin neman lasisi. Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko, 'yan sanda kuma suka ce takunkumin na nan. Ta fuskar doka Irabor ya yi daidai. Sai dai mutumin da ya sayar da gonarsa ya biya kuɗin fansa, ko garin da aka ɗora wa haraji kafin a bar shi ya yi girbi, ba ya jin wannan amsa a matsayin amsa.

Duk da haka, abin da ya faru a gabashin Sakkwato a 2021 ya isa ya sa mai wannan ra'ayi ya dakata. A farkon Oktoba 'yan sa-kai suka shiga kasuwar Mamande a ƙaramar hukumar Gwadabawa, maƙwabciyar Illela, suka kashe Fulani da suka zo cin kasuwa. A 17 ga watan 'yan bindiga suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, mutum sama da 40 suka mutu. A Nuwamba Tambuwal ya haramta ƙungiyar 'yan sa-kai. Waɗanda suka yi kisan Mamande suna ganin kare kai suke yi, amma ba su da rajista, ba su da shugaban da za a kira gaban alƙali, kuma mutanen wani gari ne suka biya bashin da suka ci. Labarin Lakurawa ya fi wannan muni. Wasu al'ummomin Tangaza da Gudu sun karɓi baƙi masu makami daga ƙetaren iyaka domin su kore musu ɓarayin shanu. Baƙin suka zauna, suka fara karɓar zakka da yanke hukunci, har kotun tarayya ta ayyana su 'yan ta'adda a Janairu 2025. A gari irin Illela, inda Bahaushe da Bafulatani da Buzu ke ciniki a kara ɗaya, kuma rabin dangi na Konni, bindigar da ba a san mai ita ba takan koma kan maƙwabci kafin ta kai ga ɗan daji.

Masu kawo misalin Amurka suna yawan manta abin da ya fi amfani a cikinsa. Can haƙƙin riƙe makami yana cikin tsarin mulki tun 1791, abin da babu shi a nan. Amma a Satumba 2023, da gwamnar jihar New Mexico ta dakatar da yawo da bindiga a birnin Albuquerque da kewaye da sunan gaggawa, ta sa wa'adin kwana 30, kuma cikin 'yan kwanaki alƙalin tarayya ya taka mata birki. Darasin yana ga wa'adin da kuma kotun. Tsarin mulkinmu ma ya san wannan: sashe na 305 ya ce dokar ta-ɓaci sai majalisar tarayya ta amince da kashi biyu bisa uku, kuma takan faɗi bayan wata 6 idan ba a sabunta ba. Dakatar da lasisi bai bi ta wannan hanya ba. Sanarwa ce daga ofis a Abuja, ba ranar ƙarewa, ba rahoton da ake kai wa majalisa kan ko ta rage kisa. Matakin gaggawa da ba shi da wa'adi ya zama sauya doka ba tare da 'yan majalisa sun kaɗa ƙuri'a ba.

Abin da ya dace, a ganina, shi ne a buɗe ƙofar lasisi a yankunan da hari ya yi ƙamari, amma a ɗaure ta da sunaye. Dokar 1959 ta riga ta hana ba wa wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da wanda aka taɓa kamawa da laifin ta'adi a shekara 5 da suka wuce. A ƙara da shaidar mai unguwa da hakimi, a rubuta lambar kowace bindiga, a ƙirga harsashi fita da dawowa, a hana shiga kasuwa da ita, a kuma tabbatar rugar Fulani na cikin rajistar kamar yadda unguwar Hausawa take, in ba haka ba an ba ƙabila ɗaya makami ne da hatimin gwamnati. Jihohi sun fara matsawa nan: Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a Oktoba 2023, Zamfara ta ƙaddamar da askarawanta a Janairu 2024, Gwamna Ahmed Aliyu ya ƙaddamar da ta Sakkwato a Maris 2024. Amma har yanzu irin makamin da za su riƙe yana hannun tarayya, kuma haɗin kansu da sojoji bai kammala ba. A Janairu 2025 jirgin yaƙi ya yi luguden wuta a Tungar Kara ta jihar Zamfara, cikin waɗanda suka mutu har da 'yan banga da suka fito bin sawun maharan. Rajistar da za ta yi aiki a Illela dole ta kasance a teburin kwamandan soja da na ofishin 'yan sanda lokaci guda, kuma a samu hanyar sanar da jandarmomin Konni, duk da Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairu 2025, ƙungiyar da yarjejeniyarta ta 2006 kan ƙananan makamai ta ɗaure ƙasashen biyu a da.