Forager: ma'anar kalmar da yadda ake amfani da ita

Forager kalma ce ta Ingilishi da ke nufin mutumin da ke shiga daji ya samo abincin da ba wanda ya shuka, kamar ganyaye, ƴaƴan itatuwa, saiwoyi, zuma da fara. Ana yawan cin karo da ita a rahotannin ƙungiyoyin agaji kan ƙarancin cimaka a Sahel.

Asalinta daga tsohon Faransanci ne, tushensu ɗaya da fourrage, wato ciyawar dabbobi. Ba ta da alaƙa da forage na Faransanci, rijiyar burtsatse da ake kira foraj a Nijar. Mai fassarar da ya rikita su zai mayar da mata masu cirar ganye masu haƙar rijiya. A Faransanci cueilleur ake cewa. Da Hausa kuwa, “mai tsintar abincin daji” ya fi dacewa. Ta bambanta da kala, domin kala tsintar abin da ya rage a gona ce bayan girbi.

Masanan rayuwar al'umma suna amfani da ita ga mutanen da farauta da tsinta ne tushen abincinsu, kamar Hadza na Tanzaniya da San na hamadar Kalahari. Haka dukkan ƴan Adam suka rayu kafin a fara noma, kimanin shekaru 12,000 da suka wuce.

A Dogo, cikin gundumar Mirya ta jihar Damagaram, jama'a manoma ne da makiyaya, kuma tsinta ƙari ce a kan noma. Mata da yara kan ciro tafasa, yaɗiya da lalo, su tsinto goriba, aduwa da magarya, wasu a ci, wasu a kai kasuwa. Idan rumbu ya ƙare kafin kaka, ana komawa ga anza, wadda sai an jiƙa ta kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacinta ya fita. A yunwar 2005, kafofin labarai na waje sun nuna cin ganyen daji a matsayin alamar bala'i, alhali da yawa daga cikin ganyayen nan cimaka ce ta kullum. A birnin Damagaram, kamfanin Sahara Sahel Foods yana sarrafa anza da aduwa yana sayarwa.

Saboda haka, idan rahoto ya kira mutanen karkarar Damagaram foragers, sai mai karatu ya duba ko abincin da aka saba ci ake nufi, ko wanda sai yunwa ta tsananta ake nema.