Daga Masaƙa Zuwa Hanyar Kebbe: Yadda Toyota Ta Gaji Pijo

Shekara arba'in da suka wuce, idan aka ce mota a ƙasar Sakkwato, Pijo ake nufi. Ita ce 504 ta babban ma'aikaci da alƙali, ita ce 404 akori-kura mai ɗaukar buhunan gero da albasa zuwa kasuwannin ƙauye. Yau wanda ya tsaya a bakin babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Shagari da Dogon Daji da Tambuwal ta nufi Jega, tambari ɗaya zai fi gani. Bas ɗin Hiace ce cike da fasinja, ga tsohuwar Carina da Corolla an danne su da kaya, ga Sienna ta masu dogon zango, ga Hilux ta jami'an tsaro da ta 'yan siyasa. Golf da Sharon suna nan suna taɓukawa, amma kowane dillali ya san wadda ba ta kwana a hannu. Ta yaya kamfanin da ya fara da saƙa a wani ƙaramin gari na Japan ya zama abin dogaron manomin Kebbe? Amsar tana da rassa biyu, ɗaya a Japan, ɗaya a nan gida.

Zaren da ya tsinke

Sakichi Toyoda, wanda aka haifa a 1867, ɗan kafinta ne, kuma a yankin masaƙa ya tashi. Ya ƙarar da rayuwarsa wajen inganta injin saƙa. A 1924 ya kammala wani inji mai sarrafa kansa, wanda ke da wata dabara mai sauƙi: da zarar zare ɗaya ya tsinke, sai injin ya tsaya cak. Kafin wannan, inji kan ci gaba da zuba ɓataccen yadi har sai wani ya lura. A 1929 wani kamfanin Ingila mai suna Platt Brothers ya sayi haƙƙin ƙirar a kan fam 100,000. Ɗansa Kiichiro ne ya karkata ga mota. Ya buɗe sashen mota a cikin kamfanin saƙar a 1933, ya fito da babbar motar kaya a 1935 da ƙaramar mota a 1936, sannan a 1937 aka kafa kamfanin Toyota mai cin gashin kansa. Garin Koromo, inda aka gina masana'antar, ya canza suna ya koma Toyota a 1959.

Yaƙin Duniya na Biyu ya bar Japan a durƙushe, kuma a 1950 kamfanin ya kusa rushewa. Bankuna sun ƙi ba da rance sai an rage ma'aikata, ma'aikata suka shiga yajin aiki, aka sallami mutum fiye da dubu, Kiichiro ya ajiye muƙaminsa. Abin da ya ceci kamfanin shi ne yaƙin Koriya da ya ɓarke a watan Yunin shekarar, domin sojojin Amurka sun yi odar dubban motocin kaya. A wannan shekara ne Eiji Toyoda ya ziyarci masana'antar Ford a Amurka, ya tarar ana ƙera dubban motoci a rana, alhali nasu ba su wuce gommai ba. Ya koma gida da sanin cewa ba su da kuɗin da za su kwaikwayi Ford.

Talauci ne ya zama malaminsu. Wani injiniya mai suna Taiichi Ohno, wanda shi ma daga sashen saƙa ya fito, ya tsara aiki bisa ƙa'idoji biyu. Ta farko, kada a ƙera wani sashe na mota sai lokacin da ake buƙatarsa, domin tara kaya a sito ɗaure kuɗi ne, kuma yana ɓoye aibi. Ta biyu ita ce darasin zaren Sakichi: kowane ma'aikaci, komai ƙanƙantarsa, yana da ikon jan igiya ya nemi a tsayar da layin aiki idan ya ga matsala, a gyara ta a wurin. Kamfanin da ke tsayawa saboda kusa ɗaya da bai ɗauru ba, shekara bayan shekara, dole motarsa ta bambanta. Daga wannan tsari ne Land Cruiser ta samu sunanta a 1954, Corolla ta fito a 1966, Hiace a 1967, Hilux a 1968. Zuwa 2021 an sayar da Corolla fiye da miliyan 50.

Yadda Pijo ta faɗi

Tun a shekarun 1960 Toyota ta shigo Najeriya ta hannun dillalai irin su R.T. Briscoe, daga baya Elizade na Cif Michael Ade-Ojo ya shiga harkar, har aka kafa Toyota Nigeria a 1996. Sai dai a zamanin arzikin mai gwamnati ta riga ta zaɓi nata. An fara haɗa Pijo a Kaduna a 1975, Volkswagen a Legas, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, Marsandi a Inugu. Gwamnati ce babbar mai saye, ma'aikaci kuma yana samun rancen mota. Matsalar ita ce yawancin sassan da ake haɗawa daga waje ake kawo su, da kuɗin waje.

Da gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki a 1986, naira ta faɗi. Dalar da ba ta kai naira ɗaya ba a 1985 ta koma wajen naira huɗu a 1987, ta ci gaba da hawa. Sabuwar Pijo ta fi ƙarfin malamin makaranta, ta fi ƙarfin ma darakta. Sai kasuwar gwanjon motoci ta buɗe: daga Beljiyam da Jamus zuwa tashar jirgin ruwa ta Kwatano, daga nan kuma ta tudu zuwa arewa. Sunan 'yar Kwatano ya samo asali daga nan. Mutanen Sakkwato da Kebbi, da suke maƙwabtaka da Nijar da Benin, suna kan hanyar wannan ciniki.

A kasuwar gwanjo ma'auni ya canza. Mai sayen sabuwar mota yana duba kyau da daɗin zama. Mai sayen motar da ta shekara goma sha biyar a hannun wani tambaya ɗaya gare shi: saura ƙarfin shekara nawa? A wannan jarrabawa ce igiyar Ohno ta biya. Motar da aka ƙera da kulawa a farko ita ce ke da sauran rai a hannu na uku da na huɗu.

Sahara ma ta ba da tata shaida. A 1987 sojojin Chadi, ƙarƙashin Hassan Djamous, sun fatattaki tankokin Libiya a Fada da Wadi Doum da motocin Toyota buɗaɗɗu masu ɗauke da makamai, har masana tarihi suka laƙaba wa yaƙin sunan kamfanin. Daga baya Hilux ce ta zama raƙumin hanyar Agadas zuwa Libiya. Wannan suna yana da ɓangare mai duhu, domin abin da ya sa soja ya amince da ita shi ne ya sa ɗan tawaye da mai fasa-ƙwauri suka amince da ita.

Abin da masu ita ke gani

Tambuwal tana kan kwalta, amma rayuwar yankin ba a kan kwalta kaɗai take ba. Wanda zai shiga Kebbe, ya zarce Kuchi ko ƙauyukan da ke fadamar gulbin Zamfara, ya san rairayi da rani, ya san taɓo da damina. Tun da aka yanke Kebbi a 1991 da Zamfara a 1996, waɗannan ƙananan hukumomi biyu suka koma bakin iyakar jiha, nesa da idon masu rabon ayyuka. A irin wannan wuri mota ce ke kai mai naƙuda asibiti, ita ke fitar da shinkafa da albasa kafin su lalace. Lalacewarta a tsakiyar daji, musamman a wannan zamani na rashin tsaro, ba ƙaramin al'amari ba ne.

Idan aka saurari direbobi da kanikawa, dalilai uku suke maimaitawa. Na farko, injin yana da haƙuri: yana jure zafi da ƙura da gurɓataccen mai da jinkirin juye. Na biyu, kayan gyara suna ko'ina, sabo da na gwanjo, kuma sassan samfuri da yawa suna shiga juna. Abin da aka rasa a Tambuwal za a same shi a Jega ko Sakkwato a yini ɗaya. Na uku, tana riƙe daraja. Mutum yakan sayi Corolla kamar yadda kakansa ke sayen saniya, ranar buƙata ya sayar ba tare da ya sha wahalar neman mai saye ba.

Waɗannan dalilai suna ciyar da juna. Yawan motar ne ya sa kowane bakanike ya koyi gyaranta, ƙwarewar kanikawa ta sa mai saye ya natsu, natsuwarsa ta ƙara yawanta. Saboda haka rabin ƙarkon da ake yaba wa Japan a garejin bakin hanya aka ƙera shi, a hannun mai walda da mai gyaran lagireto da yaron da ke kwance ƙarƙashin mota. Da yawa daga motocin ma ba su taɓa ganin Japan ba: Carina E da Avensis a Ingila aka haɗa yawancinsu, Sienna a Amurka, Hilux kuma a Tailan ko Afirka ta Kudu.

Ba a rasa ƙorafi. Camry ta wajen 2007 zuwa 2009, wadda ake kira Masul, ta yi suna wajen shan baƙin mai da narkewar dashbod a rana. Kamfanin da kansa ya janye miliyoyin motoci a 2009 da 2010 saboda matsalar totur, shugabansa Akio Toyoda ya bayyana gaban majalisar Amurka ya ba da haƙuri, kuma a 2014 kamfanin ya biya tarar dala biliyan 1.2. A 2023 an gano reshensa na Daihatsu ya daɗe yana maguɗi a gwajin lafiyar motoci. Wasu matsalolin kuma namu ne: motar da ta yi haɗari ko ta nutse a ambaliya a Amurka a shafe ta da fenti a sayar, a mayar da mitar tafiya baya, a zuba wa giya man da ba nata ba, a sa jabun birki, a ɗora wa motar mutum biyar mutum tara da buhu shida. Sunan ƙarko yakan sa mai mota sakaci, har ranar da ƙarkon ya ƙare a kan hanya da rayuka a ciki.

Akwai kuma wani abin lura na siyasa. Land Cruiser da Prado an ƙera su ne domin muguwar hanya, kuma su ne motocin waɗanda alhakin gyara hanya ke wuyansu. Lokacin da aka yi ce-ce-ku-ce a ƙarshen 2023 kan sayen irin waɗannan motoci ga 'yan majalisar tarayya, ɗaya daga hujjojin da aka kafa shi ne lalacewar hanyoyin mazaɓu. Wanda ramin hanya ba ya girgiza shi ba zai yi gaggawar cike shi ba.

Gaba

Tsarin da ya ɗora mu a kan tsohuwar Toyota yana tangal-tangal. A Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta iyakokin tudu. A Mayun 2023 aka cire tallafin mai, a Yuni aka saki naira, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024. 'Yar Kwatano ta koma kayan masu hali, talaka ya koma juya wadda aka riga aka gaji da ita a cikin gida. Motocin da ke tashoshinmu suna tsufa, babu masu maye gurbinsu.

Waɗanda za su zo nan gaba kuma wani iri ne. Tun daga Prius ta 1997 Toyota ke karkata ga motoci masu haɗa fetur da batir, cike da kwamfuta. Nan da shekara goma su ne gwanjon da za a kawo mana, kuma kunne da sifana ba za su isa gano ciwonsu ba. Idan kwalejojin fasaha na jiha da ƙungiyoyin kanikawa ba su fara koyar da gyaran wutar mota da aiki da na'urar bincike tun yanzu ba, ƙarkon da muka saba da shi zai tafi, ko da tambarin bai canza ba.

Abin da ya fi cancantar tunani shi ne mafarin labarin. Lokacin da aka haifi Sakichi Toyoda, daular Sakkwato tana cikin manyan wuraren saƙa da rini a Afirka, tufafinta suna ƙetare Sahara. A 1957 an buɗe masaƙar zamani a Kaduna, yau a rufe take, haka yawancin 'yan'uwanta na Kano. Su sun tashi daga zare zuwa inji, daga inji zuwa mota, kowane mataki a kan na baya. Mu mun tsallake zuwa haɗa motar wani da sassan wani, da kuɗin mai ya ja baya sai ginin ya zube. Da Toyota ta tashi buɗe wurin haɗa Hilux a Afirka ta Yamma a 2021, Tema ta ƙasar Gana ta zaɓa, duk da girman kasuwarmu.

Fasahar hannu ba ta ƙare a ƙasar nan ba. Duk wanda ya ga yadda bakaniken Tambuwal ke rayar da injin da masu shi suka jefar shekara ashirin da suka wuce ya san haka. Abin da ya rage shi ne tarbiyyar da ta ɗaga Toyota, wato a tsaya idan zare ya tsinke, a nemo dalili, a gyara tun daga tushe. Wannan ba ya buƙatar dala, kuma ana iya fara shi a gareji da ofis da ma'aikatar ayyuka tun gobe.