Alamar gidan harsashi

Gidan harsashi, wanda sojoji da 'yan sanda ke kira magazin, shi ne akwatin ƙarfe ko roba da ake jera harsasai a ciki a soka wa bindiga. Alamar gidan harsashi ita ce duk wani tambari, lamba ko launi da ake sa masa domin a san inda aka ƙera shi, irin harsashin da yake ɗauka, da kuma lafiyarsa.

Tambarin masana'anta

Masana'antu kan buga tambarinsu a jikin gidan. A Tarayyar Sobiyat, masana'antar Izhevsk tana amfani da kibiya cikin kusurwa uku, ta Tula kuma tauraro. Siffa ma tana taimakawa wajen ganewa. Gidan AK-47, mai ɗaukar harsashi 7.62×39, ya fi lanƙwasa. Na AK-74, mai ɗaukar 5.45×39, bai kai shi lanƙwasa ba, kuma na farko-farko an yi su da roba mai launin ruwan goro.

Alamar doka

A Amurka, dokar tarayya da ta yi aiki daga 13 ga Satumba 1994 zuwa 13 ga Satumba 2004 ta hana sayar wa farar hula sabbin gidajen da ke ɗaukar harsashi sama da 10. Waɗanda aka ƙera a wannan tsakanin an buga musu rubutun da ke nuna na gwamnati ne da jami'an tsaro kaɗai. Da wannan rubutu ake bambanta su da tsofaffin da dokar ba ta shafa ba.

Alamar mai bindiga

Mai bindiga kan sa wa gidajensa lamba ɗaya bayan ɗaya da alƙalamin fenti. Dalili shi ne, sau da yawa idan bindiga ta cije, laifin na gidan ne: ko leɓensa ya lotsa, ko sifirin ɗin ciki ya saki. Idan kowane gida yana da lamba, da sauƙi a gane mai matsalar a ware shi. Kamfanin Magpul ma ya yi wa samfurinsa na PMAG Gen M3 ƙananan ɗigo-ɗigo a jiki, inda ake cike lamba da fenti.

Haɗarin cakuɗa harsashi

Babban dalilin sa alama shi ne kare rai. Harsashin .300 Blackout, wanda hukumar ƙa'idojin harsashi ta Amurka, SAAMI, ta amince da shi a 2011, yana shiga gida iri ɗaya da na 5.56×45. Sai dai kaurin kansa milimita 7.62 ne, ramin bakin bindigar 5.56 kuma ya yi masa ƙanƙanta. Yana iya zama a cikin irin wannan bindiga, kuma idan aka harba, kan harsashin ba ya samun hanyar fita, sai bindigar ta fashe a hannun mai ita. Saboda haka masu bindigogin biyu kan naɗa wa gidajen .300 tef ko zoben roba mai launi daban, su rubuta sunan harsashin a jiki, su kuma ajiye su a jaka daban. Wasu sun fi son alamar da hannu zai ji, domin launi ba ya amfani cikin duhu.