Yadda Aka Yi Ta Sake Salsalar Furen Teku na Ruwan Arewa

A gaɓar tekun Norwe da Alaska da Kamchatka akwai wata halitta da ke maƙale jikin dutse, mai launin ja ko fari ko ruwan goro, wadda idan ta buɗe sai ka rantse fure ne. Dabba ce, 'yar uwar murjani. Jikinta jaka ce mai baki ɗaya, kewaye da hannuwa masu ɗauke da ƙwayoyin harbi, da su take kama ƙananan kifaye da jatan lande. Jinsinta da aka sani a duniya sun haura 1,000. Tun zamanin Aristotal ake jayayya a kanta, domin shi ma ya ajiye ta ne tsakanin tsiro da dabba. Wannan gardama an daɗe da kashe ta. Wadda ta ƙi ci ta ƙi cinyewa ita ce ta nasaba: a cikinsu, wa ya haifi wa?

Abin da ya sa aikin ya yi wuya a fili yake. Furen teku ba shi da ƙashi, ba shi da ɓawo, saboda haka da wuya ya bar burbushinsa a cikin duwatsu. Idan kuma aka ciro shi aka jefa a kwalbar magani, sai ya takure, launinsa ya koɗe, ya koma dunƙulen nama. Da irin waɗannan dunƙule masana suka yi shekara fiye da ɗari suna gina salsala.

Sunayen farko daga arewacin Turai suka fito. A 1761 Linnaeus, mutumin Suwidin, ya bayyana jinsunan da yau ake kira Metridium senile da Urticina felina, sannan a 1776 Otto Müller na Denmak ya ƙara wasu, ciki har da Urticina crassicornis. Su da abin da ido ya gani suka yi aiki: launi, tsawo, yawan hannuwa. Haka Philip Gosse na Ingila, wanda ya fitar da littafinsa kan furen tekun Birtaniya a 1860, lokacin da ajiye halittun ruwa a akwatin gilashi ya zama yayi a gidajen Turawa. Sai dai launi mayaudari ne. Jinsi guda na iya zuwa da kala biyar, jinsuna biyar kuma su yi kala ɗaya.

Wanda ya kafa tsarin da ya daɗe shi ne Oskar Carlgren, shi ma ɗan Suwidin, wanda ya rayu daga 1865 zuwa 1954. Jirgin binciken Denmak mai suna Ingolf ya kewaya ruwan Aisland da Girinlan a 1895 da 1896, kuma Carlgren ne ya yi nazarin furannin tekun da aka kwaso. Kashi na farko ya fito a 1921, na biyu sai 1942. Shi yanka dabbar yake yi siriri-siriri, ya duba a madubin ƙara girma. Tambayoyinsa uku ne manya. Akwai tsoka a tafin gindinta? Tsokar da ke tsuke bakinta, kamar yadda mazagi ke tsuke wando, a wane sashen fata take? Tana da zarurrukan harbi a cikinta waɗanda take fesowa idan an tsokane ta? Ya haɗa da siffar ƙwayoyin harbi, bisa rabe-raben da Bafaranshe Robert Weill ya yi a 1934. A 1949, yana tsoho, ya tattara komai cikin kundi guda, kuma kundin ya zama alƙiblar masana har tsawon shekara sittin da wani abu.

A ganina Carlgren bai yi kuskure wajen gani ba. Abin da ya rubuta game da jikin dabbobin har yau ana dogaro da shi. Inda tsarin ya gaza shi ne ɗaukar kama a matsayin shaidar jini. Jiki mai sauƙi irin wannan ba shi da hanyoyi da yawa na warware matsala. Duk furen da ya koma zama cikin laka yakan yi tsawo ya rasa tsokar gindi, ko daga wane gida ya fito. Carlgren kuwa ya tara irin waɗannan a rukuni ɗaya.

Binciken ƙwayoyin gado na DNA ne ya tona wannan. Marymegan Daly da abokan aikinta a Amurka sun fara nuna ɓarakar a 2008, sannan a 2014 Estefanía Rodríguez ta gidan adana tarihin halittu na New York ta jagoranci nazarin da ya haɗa jinsuna fiye da 100. Aka rushe manyan rukunan da aka gada, aka mai da su reshe biyu, masu ɗauke da manyan gidaje biyar. An gano masu zama cikin laka sun watsu a wurare dabam-dabam na salsalar, kuma wasu jinsunan da ba su da zaren harbi zuriyar masu shi ne, sun yar da shi ne a hanya. A sabon tsarin, Urticina da Metridium, da kan zauna kan dutse ɗaya a Norwe, gidajensu dabam ne tun da nisa.

Ruwan arewa yana da tasa rikitar ta musamman, kuma rabinta 'yan Adam ne suka jawo. Da masana suka isa gaɓar Fasifik, littattafan Turai ne a hannunsu, sai suka riƙa liƙa wa abin da suka gani sunayen Atlantika. Wani fure ja mai ɗigo-ɗigon fari, da ake samu daga Alaska zuwa Kalifoniya, ya daɗe yana amsa sunan Urticina lofotensis, sunan da aka ciro daga tsibiran Lofoten na Norwe. A 2006 Nadezhda da Karen Sanamyan, masu bincike a Kamchatka ta Rasha, suka bayyana shi a matsayin sabon jinsi na gidan Cribrinopsis, suka kuma ware wani mai launin ja da kore da sunan Urticina grebelnyi. Haka ƙaton farin Metridium na Fasifik, mai kai wa mita ɗaya, an daɗe ana ƙidaya shi da ɗan ƙaramin na Turai. Da aka raba su aka raɗa masa sabon suna, daga baya aka tarar wani masani mai suna Brandt ya riga ya sa masa farcimen tun 1835.

Ɗaya rabin kuwa aikin ƙasa ne da ƙanƙara. Mashigin Bering, tsakanin Alaska da Saiberiya, ya buɗe kimanin shekara miliyan 5.5 da suka wuce, kuma wajen shekara miliyan 3.5 halittun ruwa suka yi ta ƙetarawa ta Aktik, akasari daga Fasifik zuwa Atlantika, kamar yadda ɓawon dodon koɗi da kumba ya shaida. Matsakaicin zurfin mashigin bai wuce mita 50 ba. Duk lokacin da duniya ta daskare ruwan teku ya ja baya, sai ya zama tudu. A daskarewar ƙarshe, shekara 20,000 da suka wuce, tekun ya sauka da kusan mita 120. Ƙofar ta yi ta buɗewa tana rufewa, dangi suna rabuwa suna sake haɗuwa. Shi ya sa ake samun 'yan uwa na kusa a ɓangarorin biyu, waɗanda ba su zama ɗaya ba, ba su kuma gama rabuwa ba. Jiragen ruwa ma sun ƙara dagula lissafi, don Metridium senile ya bi su har Afirka ta Kudu da Chile.

DNA ɗin ma bai zo da sauƙi ba. Guntun ƙwayar gadon da ake tantance jinsin kifi ko ƙwaro da shi, a wajen furen teku da murjani a hankali yake canzawa ƙwarai, har jinsuna biyu mabambanta kan fito iri ɗaya. Saboda haka masu bincike yanzu suna karanta ɗaruruwan wurare a ƙwayar gado lokaci guda, suna ɗaukar hoton dabbar da ranta kafin a ciro ta, sannan su koma ga yanka da madubi yadda Carlgren ya yi. Akasarin manyan rassan salsalar sun zauna tun 2014, amma iyakokin jinsuna a gidajen Urticina da Cribrinopsis har yanzu ana gyara su.