Maguzawa a nan, Azna a can: abin da iyakar Jibiya ta raba

'Yan uwa marubuta, duk sanda muka tashi rubuta tarihin hanyar da ta fito daga Katsina ta bi Jibiya da Magama ta faɗa Ɗan Isa zuwa Maraɗi, labarin sarakuna muke bayarwa. Mukan ce a 1807 masu jihadi suka karɓi Katsina, sarakunan Haɓe suka yi arewa, daga baya Ɗan Kasawa ya kafa Maraɗi. Gaskiya ne. Amma akwai manoman da kowane ɓangare ya tarar a gonakinsu, Hausawan da suka riƙe addinin gargajiya. A gefenmu Maguzawa ake ce musu, a gefen Maraɗi da Tsibiri kuma Azna ko Anna.

Hukumomin biyu ba su ɗauke su ɗaya ba. A ƙarƙashin daular Sakkwato an bar Bamaguje da addininsa da gonarsa, yana biyan jiziya. Wannan kariya ce ta gaske, kada mu raina ta, sai dai kariya ce ta wanda ba ya zama a majalisar sarki. A Maraɗi kuwa fada ba ta rabu da al'adunsu ba: Iya, babbar mace ta gidan sarauta, ita ce shugabar 'yan bori, kuma tana da girma a gari. Tafiyar kwana kaɗan ce tsakani, amma matsayin mutum ya sauya.

Sai Turawa suka zo da ma'auni. Ingila da Faransa sun fara shata layi a 1890, suka sake shi a 1898 da 1904 da 1906, galibi saboda Faransawa na neman hanya mai rijiyoyi daga Kwara zuwa Damagaram. Ba Bamagujen da aka nemi ra'ayinsa. Ingilishi suka mulki Arewa ta hannun sarakuna, don haka Maguzawa suka ci gaba da zama ƙarƙashin hakimai da kotunan alƙalai waɗanda ba da su aka tsara ba.

Inda abin ya fi ɗaure kai shi ne gab da 'yancin kai. A 1957 aka kafa kwamitin Willink don ya saurari fargabar ƙananan ƙabilu. Muhawarar ta karkata kan neman sababbin jihohi: tsakiyar Nijeriya, yankin Benin, Kalaba da Ogoja da Ribas. Kwamitin bai yarda da ƙirƙiro jihohi ba, ya ce a sa haƙƙin ɗan Adam a tsarin mulki, aka kuma sa a na 1960. To, Bamaguje fa? Hausa yake ji, Bahaushe ne tun kaka da kakanni, ba shi da wani yanki da zai ce a yanka masa. Ma'aunin da aka yi don ƙabila bai kama wanda ya zama tsiraru a cikin ƙabilarsa ba.

Da yawansu sun musulunta, wasu sun karɓi Kiristanci, musamman wajen Malumfashi da Kafur. Muna ganin shi ya sa sunan ke ta dusashewa a littattafanmu, sai a habaici da ba'a. Takardun gwamnati ma ba su taimaka ba. A 2007, da Majalisar Ɗinkin Duniya ta kaɗa ƙuri'a kan sanarwar haƙƙin 'yan asalin ƙasa, Nijeriya ta ƙaurace. Ƙidayar 2006 kuwa ba ta tambayi kowa ƙabilarsa ko addininsa ba.